Kwandon Audugarki, Inna

Zuwa ga mahaifiyata,

Gaisuwa mai yawa da fatan kina cikin hutawar Ubangiji. Ni ne Bulus, ɗanki na fari, wanda ba ki taɓa kiran sunansa ba saboda alkunya. "Wancan dogon" kike ce mini, ko ina zaune a gabanki.

Jiya na yi sharhin wasana na ƙarshe a gidan rediyo, na ajiye aiki. Da na dawo gida ba wanda ya faɗo mini a rai sai ke.

Kin tuna kakar audugar nan a Gozaki, farkon shekarun sittin? Malamin makarantar mishan ya koya mana ƙwallon kwando, kaina ya ɗauki zafi. Na sa wuƙa na yanke gindin babban kwandonki, wanda kike kai auduga kasuwa da shi, na ɗaure shi a jikin ɗorawar bayan gida. Ga auduga ta fashe fari fat a gona! Kika tsaya kika dube shi, kika dube ni, kika ce ba ki taɓa ganin sana'ar zuba kaya a kwando marar gindi ba. Daga nan ba ki ƙara ko uffan ba. Duk kakar, a zane kika riƙa ƙunshe auduga kina ɗauka a ka.

Ni kuwa na ɗauki shirunki fushi ne. Da wata ƙungiya a Kaduna ta ɗauke ni wasa har da albashi, na tafi ana tsakiyar tsinkar auduga, sallamar ma a tsaitsaye. Kirsimeti biyu na aiko da turmin zane ta hannun direban Funtua, amma ƙafata ba ta zo ba. Girman kai ne, Inna, ba aiki ba. Jira nake ki aiko a kira ni, na manta uwa ba ta nuna ɗokin ɗan fari a gaban mutane.

Muna Legas wajen gasa aka ce mini kin kwanta rashin lafiya. Na ce bari a gama wasa ɗaya. Kafin jirgin ƙasa ya sauke ni a Funtua an riga an binne ki.

Daga baya gwiwa ta lalace, na koma horar da 'yan wasa, daga nan sai rediyo, inda ake biyana don in yi surutu. Ni da na kasa furta miki kalma biyu!

Ga abin da ban taɓa gaya wa kowa ba. Bayan an watse zaman makoki, ƙanwata Ladi ta ja ni bayan gida. Kwandon yana nan a jikin ɗorawa, rana ta cinye shi, amma igiyarsa sabuwa ce. Ta ce duk damina kike canja ta da hannunki. Ranar da Baba ya so sauke shi ya yi makamashi, kika tare shi kika ce, "A bar wa wancan dogon, ya dawo ya tarar da abinsa."

Na dawo na tarar da shi, Inna. Ke ce ban tarar ba.

Ki yafe mini. Ubangiji ya riƙe ki cikin salamarsa, ya sada mu a inda babu alkunya, in ji sunana a bakinki ko sau ɗaya.

Ni ne naki,
Wancan dogon.