Damin Mabruka

Litinin, 16 ga Janairu

Masu ta'aziyya sun ragu. Ƙanwata Najiba ta share gidan ta koma nata. An ce ana sanyi sosai bana.

Juma'a, 20 ga Janairu

Na leƙa bayan ɗaki. Ƙiraren zaitun suna nan jingine da katanga inda matata Mabruka ta jera su. Ni na datse rassan bayan mun gama ɗibar 'ya'ya, ita ta bi baya tana tsincewa tana ɗaurewa da ciyawar halfa. Haka muke yi kowace shekara, shekara talatin da ɗaya. Manyan rassa na murhun ɗaki ne, ƙananan na tanderun gurasarta. Na tsaya na duba, na koma ciki.

Lahadi, 29 ga Janairu

Gurasar shago da man zaitun. Ban hura wuta ba.

Talata, 7 ga Fabrairu

Najiba ta zo da kuskus, ta tarar da ni cikin bargo biyu. Ta ce, "Yaya, ga itace jibge a bayan ɗaki, kana zaune kamar tulun ruwa?" Ta fita ta kinkimo dami ɗaya. Na ce ta mayar. Ta ce itace ne fa. Na ce ta mayar inda ta ɗauko, kuma yadda ta gan shi. Ta mayar, ta yi kuka a tsakar gida. Ina jin ta. Na jira in ji wani abu a raina, ban ji ba, sai na ci kuskus ɗin.

Juma'a, 17 ga Fabrairu

Sadakar arba'in. Mutane sun cika gida, an yi girki da gas. Tijani ya ja ni gefe. Gonarsa ce ke manne da tawa ta bayan katanga, shi ne kuma mai hura wutar tukunyar gidan wanka na garinmu, shi ya sa ko ranar Juma'a ƙaurin hayaƙi yake yi. Ya ce, "Shadli, ƙiraren nan kada su kai Maris a wurin. Ka san ƙwaron nan." Na sani mana, ni na koya masa ma. Yana shiga yankakken reshe ya yi ƙwai, da zarar rana ta fara zafi 'ya'yan su fito su hau bishiyoyi masu rai. Duk mai zaitun a nan yana ƙone ƙirarensa ko ya kwashe su nesa kafin lokacin. Na ce masa to.

Litinin, 27 ga Fabrairu

Ban taɓa su ba.

Alhamis, 2 ga Maris

Tijani ya zo da amalankensa ba tare da na kira shi ba. Ya zaro reshe ɗaya daga tsakiyar dami ya miƙo mini. Ƙananan huda duk jikinsa kamar an soka allura, ga gari fari yana zuba. Ya ɓare ɓawon da farce, tsutsotsi kwance a ciki.

Ya ce, "Ka gani? Kana kiwon su ne? Ka ba su suna mana."

Na ce hannunta ne ya ɗaure su.

Ya ce, "Hannunta ne ya dasa rabin gonar can ma. Wanne za ka bar wa ƙwaro?" Sai ya sassauta murya. "Ɗan uwa, bishiyoyina goma sha biyu ne kacal, su nake ci. Idan ta kai ga haka zan zo in kwashe kana kallo, ka yi fushi da ni har ƙarshen rayuwa."

Na ce ya fita mini daga gida. Ya fita, amma ya bar amalanken a ƙofa. Wai jakinsa ya gaji. Jakin da ko zufa bai yi ba.

Juma'a, 3 ga Maris

Bayan masallaci na zaga gona. Bishiyoyi uku na kusa da katanga sun fara bushewa ta kan tohon, biyu nawa, ɗaya ta Tijani. Ƙwaron ya riga Maris ashe. Na tsaya ƙarƙashin ta Tijani na daɗe. Kunya na ji, ita ce abu na farko da na ji tun Janairu, kuma ba daɗi.

Litinin, 6 ga Maris

Ni na loda ƙiraren a amalanken da kaina, sawu uku zuwa gidan wanka. Ban bar kowa ya kama mini ba.

Ɗakin wutar gidan wanka rami ne, ana sauka da matakala, baƙi ƙirin. Tijani ya matsa ya ba ni wurinsa a bakin tukunya. Ya dai ce kada in cusa dami gaba ɗaya, wuta za ta shaƙe, in kwance in riƙa ba ta kaɗan kaɗan. Dole na kwance su ɗaya bayan ɗaya. Ƙirare ba kamar gungume ba ne, suna kamawa nan take, su yi ƙara, kafin ka juya sun zama toka. Aikin da ya ci mata mako biyu, tsakanin azahar da la'asar ya ƙare.

Bayan azahar lokacin mata ne. Ta bango ana jin muryoyinsu da ƙarar bokitai. Wata ta ƙwala ta ramin ruwa, "Tijani, yau dafa mu za ka yi? Me ka sa wa wutar nan?" Ya ce, "Ƙiraren Mabruka ne." Hayaniyar ta ɗauke ɗif. Can sai na ji wata tsohuwa ta fara yi mata addu'a, sauran suna amsawa da amin. Na ci gaba da zuba wuta. Fuskata ta yi zafi, na ce hucin tukunya ne.

Da na zo tafiya Tijani ya ce, "Ka shiga ka yi wanka mana idan mata sun fita, ka fi jakina buƙata." Ban shiga ba.

Laraba, 8 ga Maris

Bayan ɗaki fayau. Na share garin da ya zuba.

Lahadi, 12 ga Maris

Ni da Tijani muka datse busassun rassan bishiyoyin nan uku, muka ƙone su nan take a bakin gona. Ya ce biyu za su farfaɗo. Tasa kuwa bai sani ba, sai an ga abin da kaka za ta nuna. Na ce idan ba ta yi ba ya ɗauki 'ya'yan ɗaya daga cikin nawa, wadda ya ga dama. Ya ce in rufe masa baki in miƙo zarto.

Na aika wa Najiba ta zo gobe ta nuna mini yadda ake hura tanderun nan. Ba wani abu ba ne, gurasar shago ce ta ishe ni.

Mabruka ta rasu ranar Litinin, tara ga Janairu, da hantsi, tana wanke hannu za ta kwaɓa gari. Na duba shafukan baya, ashe ban rubuta ba.