Ƙafar Kassim

Juma'a, 16 ga Janairu 2015

Sun ƙone majami'armu bayan an sauko daga masallaci. Daga can suka yo gidana. Matata Ladi ta tare ƙofa, wani ya sauke mata gora a ka, jini har cikin idonta. Na gan shi. Kassim ne, ɗan kabu-kabun Zango. Bariya, shekarar da ta wuce, ni na ɗora masa karayar hannu da moto ya kayar da shi, yana kuka yana kirana Baba. Yau shi ke riƙe da gora, abokinsa na watsa isansi, man fetur, a kan tabarmina.

Muna barikin soja. Littafin nan ma a aljihu ya tsira.

Lahadi, 18 ga Janairu

Sujada a ƙarƙashin itacen bedi. Ɗinki tara a kan Ladi. Fasto ya ce rayuwarmu ce wa'azin da maƙwabta za su karanta. To, su karanta toka! A Addu'ar Ubangiji, da aka zo "kamar yadda muke gafarta wa masu yi mana laifi" na rufe bakina.

Alhamis, 22 ga Janairu

Ina kwashe gawayin ɗaki sai ga Rakiya, uwar Kassim, ta durƙusa. Wai ranar tarzoma ya diro daga katanga yana gudun jandarmomi, ƙwauri ya karye. Gidan likita ba ya zuwuwa, kama shi za a yi. "Malam Ɗanjuma, kunya ta kashe ni, amma ba maɗori kamarka."

Babana a Gouna ya ce maɗori ba ya tambayar ƙashin wane ne. Na je.

Kassim bai iya kallona ba. Na ja ƙafar, na ji bakin ƙashi ya kusa zama, saura ƙiris. Nan na tsaya. Na jera kara na ɗaure a haka. In ta warke zai yi ɗingishi har kabari, kowa ya ce ƙaddara. Rakiya tana ta sa mini albarka. Na ji daɗi, ba zan yi wa takarda ƙarya ba.

Asabar, 24 ga Janairu

Unguwa ta ɗauka. Wai Kiristan nan mutumin Allah ne. Tsoho Idirisu mai goro har da cewa in ba shi labarin Almasihun da ke sa mutum haka. Na ce wata rana.

Litinin, 26 ga Janairu

Na faɗa wa Ladi abin da na yi. Ta ce, "Shi a fili ya doke ni. Kai da sunan Yesu ka doke shi." Ko tuwo ba ta miƙo mini ba.

Talata, 27 ga Janairu

Na koma. A gaban uwarsa da kawunsa Habu na ce ɗorin karkatacce ne, kuma da gangan na yi. Habu ya shaƙe ni ya haɗa kaina da bango, haƙorina ɗaya ya tafi. Kassim ne ya ce, "Kawu, sake shi. Baba, gyara."

Ƙashin ya fara kamawa. Maza uku suka danne shi, na sa gwiwa na ɓalle abin da na ɗora. Ihunsa har bakin titi. Ya suma. Na ja, wannan karon sai da na ji ƙas, ya zauna. Jinin bakina na ɗiga a kan karan.

Idirisu ya daina gaishe ni.

Lahadi, 15 ga Maris

Kassim ya wuce ƙofarmu ba sanda. Ya tsaya, ya gaida Ladi kansa a ƙasa, ta amsa. Na bi bayansa da ido har kwana: sawu biyu daidai. Ladi ta ce murmushin me nake yi da giɓina, na ce aikina nake dubawa.

Ban ce na yafe ba. Amma yau a sujada, sai da muka kai "Amin" na lura ban tsallake ko layi ɗaya ba.