Inna, Na Je Dapaong Neman Takardar Aurenki

Zuwa ga mahaifiyata, Hajiya Sa'adatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa da girmamawa irin wadda ta dace da uwa, ina roƙon Allah Ya sa kina cikin ni'ima inda kike. Na san wannan wasiƙa ba za ta iso hannunki ba, mutane ne za su karanta ta. Duk da haka da ke nake magana, domin akwai tambayoyin da ke kaɗai kike da amsarsu.

Jikarki Fa'iza ta samu gurbi a makarantar ungozoma. Sai aka ce ta kawo takardar shaidar 'yar ƙasa. Kin san mahaifinta mutumin Nijar ne, don haka ta wajena za a bi. Da na kai nawa takardun, aka ga sunan Baba iri biyu: a tawa ta haihuwa Issaka, a tasa ta ɗan ƙasa Isiyaka. Ma'aikacin ya ce da akwai takardar aurenku ta hukuma, wadda ta haɗa sunayenku da na iyayenku, da magana ta ƙare. Na ce masa iyayena a masallacin Zongo aka ɗaura musu aure, da goro da dabino, ba su san hanyar meri, wato ofishin magajin gari, ba.

Da na faɗa wa Gwaggo Asabe, ƙanwar Baba, sai ta ce, “Wa ya gaya miki ba su sani ba? Ki je ki bincika.” Ta ƙi ƙara ko kalma ɗaya.

Na fara da merin Sokode. Wata mata mai haƙuri ta sauko mini da littattafan aure na shekaru da dama, muka bi su shafi-shafi, ba mu ga sunanki ba. Ita ce ta tambaye ni inda aka haife ki. Da na ce Dapaong, ta ce in gwada can, domin mace takan yi irin wannan aure a garin iyayenta.

A mota na tuna wata tafiya da kuka yi ke da Baba a shekarun rigimar dimokuraɗiyya, lokacin dogon yajin aiki. An rufe makarantarmu, samari suna ƙona tayoyi a kan babban titi, 'yan'uwa suna ta tahowa daga Lome da ƙullin kaya a ka. Kuka bar mu wajen Kaka, kuka ce za ku ta'aziyya Dapango, yadda kike kiran garin. Kun daɗe ba ku dawo ba. Da kika dawo kuma, akwai lalle a hannuwanki da ƙafafunki, babban yatsanki ɗaure da tsumma. Ko a lokacin na yi mamakin mai zuwa gidan rasuwa da lalle, amma ban isa in tambaya ba.

A Dapaong ban sha wahala ba. Littafin shekarar siriri ne, kamar mutane sun daina aure. Ga sunanki, ga na Baba, ga na iyayenku duka. Shaidar Baba wani direba ne abokinsa da ya rasu tuntuni. Shaidarki kuwa wata ce Yendukwa, mai sayar da hatsi a Nano. Ban taɓa jin wannan suna a bakinki ba, Inna. Aka buga mini kwafi, aikin da ya kawo ni ya ƙare. Amma maimakon in nufi tasha, sai na tambayi ranar kasuwar Nano.

Na same ta zaune a kan buhun dawa, tsohuwa 'yar ƙabilar Moba mai ƙaramin jiki, jikokinta suna awo. Kafin in gama gaisuwa ta kama haɓata ta juya fuskata. Hausarta irin ta kasuwa ce, mace da namiji duk ɗaya. Ta ce, “Kai ɗan Sa'a ne. Goshin nan nasa ne.” Da na gaya mata kin rasu, ta rufe fuska da bakin zaninta, ta daɗe a haka. Ashe tare kuka yi talla kuna yara, ke da ƙosai, ita da gyaɗa.

Ga abin da ta ba ni labari, ki ji ko ta faɗi daidai.

Ta ce Baba ya tsorata da yadda ƙasa take tafiya. An jefi motar da yake tuƙawa a hanyar kudu, gilashi ya fashe masa a fuska. Ya yanke shawarar kwashe mu duka ta Sinkase zuwa Burkina, inda mai motar ya samo masa aiki. Ke kuma kika ce ba za ki tsallake iyaka da 'ya'ya huɗu ba sai da takardar da za ta dawo da ku, domin gobe wani zai iya tsayawa a bakin shinge ya ce Bahaushe ba ɗan Togo ba ne. A Sokode meri a rufe take, kuma ko da a buɗe take, kina jin kunyar matan Zongo su ce uwar manyan yara ta je auren Nasara.

A Dapaong an karɓi sunayenku, an liƙa sanarwa a allo kamar yadda doka ta ce, kuka zauna gidan Kawu kuna jira. Kwanakin suka cika, amma mataimakin magajin gari, wanda shi ne mai ɗaurawa, ya daina zuwa ofis. Ba ya so wani ɓangare na masu rigimar ya gan shi da ɗamarar gwamnati, wadda ake sawa wajen ɗaurin aure. Kullum da safe kina zuwa, kullum ƙofarsa a kulle, Baba kuma yana ta maganar aikin da zai kuɓuce masa.

Sai Yendukwa ta ji cewa mutumin yana gonarsa a hanyar Nano. Kuka tafi ku uku. Kuka same shi shi da matarsa suna yankan dawa, ma'aikatansa sun watse saboda rigima. Ya ce ku yi haƙuri, ba zai bar amfanin gona tsuntsaye su cinye ba. Yendukwa ta ce ba ki yi masa gardama ba. Kin ɗaura gyalenki a ƙugu, kin karɓi wuƙar matarsa. Ke, Inna, da ko tsiron albasa ban taɓa ganin kin shuka ba. A nan kika yanke yatsa. Baba ya tsaya da babbar rigarsa yana kallo, can ya tuɓe ta ya rataya a reshe, ya shiga ɗaukar dami.

Washegari mutumin ya zo ofis ta ƙofar baya, ya ɗaura ɗamararsa a kan rigar gida. Da ya tambaye ki ko kin yarda ki auri wannan mutum, wai kin ce, “Ranka ya daɗe, sai yanzu ake tambayata?” Kowa ya yi dariya, ban da Baba. Shi da aka zo kansa, ya amsa tun ba a gama tambayar ba. Yendukwa ce ta sa miki lalle da yamma, ta ce ba za ta yi shaidar amarya da farin hannu ba.

Abin da ta kasa gaya mini shi ne dalilin da ya sa ba mu tafi Burkina ba. Ta ce ta raka ku inda motar take, tana tsammanin ban kwana ke nan. Baba ya zauna riƙe da takardar, yana duba ta ko da yake ba ya karanta Faransanci, sannan ya ce miki, “Sa'a, mu dai zauna a gida.”

Me ya gani a jikin takardar? Ko dama kin san haka za ta faru? Ko ke ma abin ya zo miki ba zato? Me kuka faɗa wa juna a wannan doguwar hanya zuwa Sokode, kuna wuce shingayen samari da na sojoji? Ina kika ajiye taku takardar, da muka kwashe kayanki kaf ba mu gan ta ba? Kuma me ya hana ki ba mu labarin, ke da kike ba mu labarin komai har da farashin barkono na shekarar da aka haife ni?

Fa'iza ta samu takardarta, ta fara karatu. Ranar da ta tafi na ce wa babanta mu ma mu je meri. Ya ɗaga kai daga keken ɗinkinsa ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, “Da furfurar tamu?” Bayan sallar la'asar sai ga shi yana neman takardar haihuwarsa a ƙasan akwati. Yanzu sunayenmu suna liƙe a allon merin Sokode, inda duk matan Zongo za su gani. Na aika wa Yendukwa, ta ce in gwiwoyinta sun bar ta za ta zo ta sake dangwala yatsa.

Allah Ya jiƙan ki, Ya jiƙan Baba, Ya yalwata makwancinku, Ya haɗa ku a Aljanna inda babu shinge. Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

'Yarki, wadda za ta yi amarci babu ke,
Ramatu