Littafi Ba Ya Rantsuwa

Yaya,

Gaisuwa mai yawa. Ya ƙafar Inna, ya yara da babansu?

Ki dakatar da tela, an ɗage bikina da Likita. Kin san auren rajista muka yi da Lauya a ƙasar da muka yi karatu, kotun can kuma ta raba mu. To, na kai takardar sakin kotun nan a tabbatar kafin biki, alƙali ya riƙe ta da yatsa biyu kamar jiƙaƙƙen tsumma. Wai dokar wata ƙasa a wurinsa ba doka ba ce, zance ne mai neman shaida, kamar satar akuya. Na miƙa littafin dokar, har shafin na lanƙwasa masa. Ya ce littafi ba ya rantsuwa, sai wanda ya taɓa aikin lauya a can ya zo ya faɗa da bakinsa. In babu, zai ɗauka dokarsu irin tamu ce, tamu kuwa ba ta san irin wannan saki ba. Ashe matar aure ce ni, ina ta yawona ban sani ba.

Ki gaida kowa.
Auta

Yaya,

Ina fata kuna lafiya. Ni dai da sauƙi.

Mun kawo wani farfesa, aka sallame shi: ya karanta, bai taɓa aikin ba. Mahaifiyar Likita ta fara kirana “matar mutane”, shi kuma ya rage kira. Mun bincike garin nan kaf, mutum ɗaya ne ya cancanta. Ee, Yaya, Lauya. Ki yi dariyarki ki gama. Na kira shi, ya gyara min tambayar kafin ya amsa.

Taki,
Auta

Yaya,

Ya jikin Inna? Ki ce mata an gama.

Tunda ba wanda ya ƙi amincewa ya ba da shaida, alƙali ya saurari Lauya. Ya zo da tsohuwar jakarsa, ya cinye safiyar yana bayani, magatakarda na gyangyaɗi, fanka na kuka. Da aka tambaye shi ko akwai sauran aure, ya daɗe yana kallon ƙofa, sannan ya ce babu. Haushin da nake ji shi ne idona ya kawo ruwa. Duk zamanmu mutumin nan bai taɓa cewa ina da gaskiya ba, sai yau, shi ma sai da aka rantsar da shi.

Ki faɗa wa tela ya ci gaba.

Ƙanwarki,
Auta