Kwalba ta Sha Bakwai

Assalamu alaikum, Babana.

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, da Umma da ƙannena. Yaya ƙugun naka? Na san ba ka daina ɗaukar bahon wanki da kanka ba, ko likita goma za su hana ka.

Albishirinka, sun ɗauke ni! Cikin mutum ɗari uku da suka nemi horon binciken nan na jami'a, mu goma sha biyu aka zaɓa. Ranar tantancewa aka shigar da ni wani ɗaki. Mutum biyar a bayan dogon tebur, a tsakiya wata Farfesa da ko murmushi ba ta sani ba. Ta tambaye ni inda na koyi tsara aiki, ni kuwa duk turancin da na haddace ya gudu. Sai na ba su labarinka, yadda kake ɗaura wa rigar kowane mai kawo wanki zare mai launinsa a bakin lafi, domin abin da zai shiga ruwa ba a yi masa alama da tawada. Huɗu suka yi dariya, ita kuwa rubutu ta yi.

Sai dai ba a gama ba. Bayan wata uku za a sake tace mu, takwas ne za su ci gaba, kuma sai wanda Farfesa ta sa wa hannu a littafin aikinsa. Ka taya ni da addu'a.

A gaishe da kowa.
'Yarka da kake kira Uwata.

*

Assalamu alaikum, Baba.

Ina gaishe ka da Umma, da fatan kowa lafiya. Ni jikina ƙalau, hankalina ne ba ya kwance. Kada ka karanta wa Umma wannan tukuna.

Aikin da aka ba ni na masu cutar sikila ne. Mun ɗebi jinin mutum arba'in a asibitin koyarwa, rabinsu suna shan wani magani, rabi ba sa sha, za mu gwada mu ga bambanci. Kowace 'yar kwalba lamba ce kawai a jikinta, babu suna. Ta sha bakwai ta wata mai ɗinki ce, siririya mai yawan barkwanci, sai da aka soke ta sau uku kafin a sami jijiya. Da na karɓi kwalbar ta ce mini, "'Yar nan, ki kula da shi, ba ni da shi da yawa."

Shekaranjiya na fito da akwatin kwalaben daga firiza. Ka san halina da tsabta, gado na yi. Na ga ɗan jini ya ɓata gefe, sai na kwashe su duka a tire, na fesa musu sifirit kamar yadda muke fesa wa safar hannu da tebur. Ashe alƙalamin da na rubuta lambobin da shi ba na ɗakin gwaji ba ne, nawa ne da na saya a shago saboda ya fi siririn baki. Ina kallo, Baba, lambobin suka narke suka gangara. Garin neman gira na rasa ido. Ni da na shiga wurin nan da maganarka a bakina, ni na yi alama da tawadar da ba ta jure wanki.

Mutum ɗaya ne ya gani, abokin teburina da muke ce wa Dogo. Ba mugu ba ne, tausayina ya ji. Shawararsa ita ce in sake rubuta ɗaya zuwa arba'in yadda na tuna jerinsu, in yi shiru, wai jini duk ja ne, babu mai ganewa, kuma saura kwana tara a tace mu. Ba zan ɓoye maka ba, na ɗauki alƙalami, har na rubuta guda shida. Jeri na farko na tuna shi sarai, daga nan kuwa ka-cici-ka-cici ne. In jinin mai shan magani ya koma lambar wanda ba ya sha, sakamakon zai yi ƙarya, kuma da shi wata rana likita zai duba marar lafiya.

Farfesa ta wuce ta bayana ɗazu, na ji kamar ƙasa ta tsage in shige. In na faɗa, ina ganin jakata zan haɗa, in dawo maka hannu rabbana bayan duk unguwa ta ji 'yar mai wanki ta shiga bincike. In ban faɗa ba, ban san da wane ido zan dube ka ba. Na tuna ranar da ka ƙona babbar rigar wani da dutsen guga, ka ƙi ninke wurin a ciki, ka kai masa a buɗe. Haushinka na ji a lokacin, na ce wa ya aike ka. Gobe da safe zan shiga ofishinta, tsoro kuwa kamar ya kashe ni.

Ka yi mini addu'a.
Uwarka.

*

Assalamu alaikum, Babana.

Gaisuwa da fatan alheri gare ka da Umma da yara. Saƙonka ya iso, layi biyun nan na karanta su ya fi sau ashirin. Ka yafe mini shirun da na yi na wata guda.

Na faɗa wa Farfesa komai, har guda shidan da na rubuta. Ba ta yi faɗa ba, da ma faɗan ta yi da ya fi mini sauƙi. Ta sa na kwaso kwalaben da hannuna na zuba a jakar da ake ƙonawa, tana tsaye tana ƙirgawa. Sannan ta ce ba za ta kore ni ba, ba kuma za ta sa hannu ba, sai ranar da akwatin ya sake cika, ko da ranar tacewa ta wuce za a jira ni. Ni zan nemi mutanen ɗaya bayan ɗaya, in gaya musu abin da na yi da bakina, in roƙe su su sake miƙa hannu.

Na sha kunya, Baba. Wani direba ya wanke ni tas a gaban layin marasa lafiya, ya tafi, bayan mako ya dawo ya naɗe hannun riga ya miƙo mini. Wata uwa ta tambaye ni ko nawa jinin zan iya bayarwa sau biyu saboda sakacin wani. Yanzu kowace kwalba alama biyu nake yi mata, ɗaya a jiki ɗaya a murfi, kuma sai na goga sifirit a kan rubutun na ga bai motsa ba. Dogo ma ya kwaikwaya.

Na tara talatin da tara. Mai ɗinki ce ta rage, wayarta kullum a kashe. Ranar Litinin yayarta ta zo asibiti mayar da katinta. Ciwon ya tashi mata mako biyu da suka wuce, ba ta tashi ba. Allah ya jiƙanta.

Na kai wa Farfesa akwatin haka nan. Ta daɗe tana kallon gurbin, sannan ta jawo littafina ta sa hannu. Ina cikin takwas ɗin, kana iya gaya wa Umma. Amma kada ku tara mutane murna tukuna, ban iya ba. Kullum na buɗe firiza sai idona ya faɗa tsakanin sha shida da sha takwas. Da bakinta ta ce in kula da shi, Baba.

A gaida Umma.
'Yarka, Uwata.