Bayana da Ranakun Asabar

Litinin, 3 ga Maris

Ciwo: shida cikin goma. Ƙasan baya, ɓangaren hagu. Ƙasidar da na karɓo a asibiti ta ce a riƙa rubuta ma'aunin ciwo kullum tare da abin da aka ɗaga. To, na ɗaga Baba sau huɗu: gado zuwa kujera, kujera zuwa banɗaki, da komowa. Na lanƙwasa gwiwa, na miƙe baya, daidai da zane na uku. Shekara biyu ke nan da shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi a ɗakin da ke jikin nawa. Wata takwas ke nan da ciwon ya kama ni.

Alhamis, 6 ga Maris

Hoton bayana ya fito. Likitar ta ce ƙashi lafiya lau, babu abin da ya goce. Abin da na je nema takarda ce mai hatimi wadda ta hana ni ɗaukar nauyi, in ajiye ta gaban ƙanena, Auta, ya san lokaci ya yi da Baba zai koma gidansa. Maimakon haka sai ta ajiye alƙalami tana tambayata ko akwai wanda nake fushi da shi. Wai ciwon na gaske ne, amma ɓacin rai yana ɗaure tsoka, ya kuma ƙara wa ciwo kaifi. Na shaida mata, cikin ladabi, cewa bayana na kawo mata, ba zuciyata ba. Yarinyar da na isa in haifa.

Asabar, 8 ga Maris

Auta ya zo. Minti ashirin da biyu, na duba agogo. Leda guda ta lemo, da ƙamshin turare. Ya zauna a kan zanin gadon da na canza da asuba, ya ba da labari, Baba ya yi dariyar da rabona da jin ta tun makon jiya. "Kai ne mai tunawa da ni," in ji Baba. Ina tsaye riƙe da kwanon wanke hannu.

A bakin ƙofa Auta ya dafa kafaɗata: "Yaya, sai haƙuri."

Takwas. Na kasa sunkuyawa in cire takalmi.

Laraba, 12 ga Maris

Zan yi gwaji yadda ya kamata. Ƙanen maiɗakina ma'aikacin jinya ne, yana hutu, ya yarda ya ɗaga Baba na kwana bakwai. Ni ba zan ɗauki abin da ya fi buta nauyi ba. A ofis ma na roƙi masinja ya riƙa sauko mini da fayil daga kanta ta sama. Idan ciwon ya sauka, hujja ta tabbata.

Asabar, 15 ga Maris

Laraba biyar, Alhamis huɗu, Juma'a huɗu. Yau tara. Ban ɗaga komai ba. Komai.

Auta ya zo, minti sha tara. Bayan fitarsa maiɗakina ta buɗe littafin nan ba da izinina ba, ta bi lambobin da yatsa, ta ce, "Malam, bayan nan naka kalanda yake dubawa?" Ban ga abin dariya ba, na kuma faɗa mata.

Lahadi, 16 ga Maris

Maganar banza ce.

Asabar, 22 ga Maris

Auta ya dafa ni ya fara, "Yaya, sai..." Na ce kada ya kuskura ya ƙarasa. Na tambaye shi ta wane ɓari Baba yake kwanciya, ƙwaya nawa yake sha da safe, yaushe rabonsa da ganin gyambon da ke ƙugunsa. Na ce haƙurin da yake raba mini duk mako ya ɗebi nasa kason, ya ɗauki ubansa ya tafi da shi. Ban san muryata tana kai nan ba. Maƙwabta har da buɗe taga.

Ya ce, "Yaya, duk ranar da na miƙa hannu cewa kake ban iya ba, ba haka ƙasida ta ce ba."

Ƙarya ne. Sau biyu ne kawai. Ko uku.

Na manta tagar Baba tana kallon ƙofar gida. Da yamma ya ƙi karɓar abinci daga hannuna, ya juya fuska bango. Can ya ce, "Yaushe za a kai ni?" Na ɗauke kwanon na fita. Yau ban auna ba.

Talata, 25 ga Maris

Auta ya iso ƙarfe shida na safe, babu lemo. Wai wankan Talata, Alhamis da Asabar nasa ne daga yanzu. Ya riƙe Baba ta hammata, wanda kuskure ne, ya jiƙa daɓe, ya sa masa riga a baibai. Ina tsaye a baranda, hannuwana a baya, na ƙirga kurakurai biyar. Ban shiga ba.

Na ji Baba yana ce masa, "Hannunka kamar na mai wankin mota. Ina yayanka?"

Da zan fita aiki na leƙa, na gyara wa Baba matashi, na ce babu inda za a kai shi. Ya riƙe bakin rigata na ɗan lokaci, har na makara da minti goma.

Uku. Ina zaton yanayi ne ya sauya.