Dutsen da Ya Tsage a Saman Makarantarmu

Zuwa ga: Mai Girma Darakta, Sashen Kula da Haƙar Ma'adinai
Daga: Tsohon shugaban makarantar firamare, a madadin mazauna gindin dutse
Kwanan wata: 14 ga Afrilu
Game da: Fasa dutse da nakiya a saman garinmu

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa ta ladabi da fatan alheri, ina neman izinin gabatar da kukan jama'armu. Garinmu ƙarami ne, a matse yake tsakanin dutse ta gabas da kogi ta yamma, kuma hanya ɗaya tak ke shiga cikinsa. Kakanninmu sun yada zango a nan ne saboda idon ruwan da ke tsattsafowa daga gindin dutsen. Fiye da shekara ɗari ke nan, dutsen nan bai taɓa jefo mana ko tsakuwa ba.

1. Ranar 3 ga Janairu, wani kamfani ya kafa injuna a bayan dutsen, yana cewa da izinin ofishinku ya zo. Ba wanda ya ga takardar. Tun ranar ake tayar da nakiya sau biyu a yini, ba ƙaho, ba gargaɗi.

2. Ranar 19 ga Fabrairu da hantsi, wani gutsuren dutse mai girman turmi ya huda rufin aji uku na makarantarmu, ya ragargaza bencin baya. Allah ya kiyaye, yaran ba su daɗe da fita hutun safe ba. Ƙanwata ce malamar ajin. Har yau in an rufe ƙofa da ƙarfi, sai alli ya suɓuce daga hannunta.

3. Idon ruwan ya koma jajur, ya kuma ragu. Matanmu sun koma ɗibar ruwan kogi.

4. Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ƙaton dutsen da ke saman makarantar, wanda ya tsage. Ranar 2 ga Maris maƙerin garinmu ya hau, ya tarar yatsa ɗaya ke shiga tsagar. Ranar 30 ga wata hannunsa ya shige har gwiwa. Ranar 11 ga Afrilu da ya sauko, sai ya kwashe iyalinsa ya kai su gidan surukansa. Gida goma sha bakwai da ɗakin shan magani ne a ƙarƙashin wannan dutse.

5. Sau uku muna zuwa wurin manajan kamfanin. A zuwa na ƙarshe ya yi dariya, ya ce dutse ba shi da ƙafa.

Ranka ya daɗe, ba mu da inda za mu matsa, kogi ya tare mu. Mahaifiyata ta haura shekara tamanin, ba ta iya gudu, kuma ɗakinta ne na ƙarshe ta wajen dutsen.

Saboda haka muna roƙo cikin ƙasƙantar da kai a dakatar da tayar da nakiya nan take, a turo injiniya ya duba tsagar da idonsa, a kuma nema wa yaranmu wurin karatu nesa da gindin dutsen. Damina saura mako shida, kuma maƙerin ya ce ruwan farko cikin tsagar nan zai sauka. Muna roƙon Allah ya sa ku riga shi isowa.

Ka huta lafiya.

Naka mai biyayya,
(Sa hannu)
Tsohon shugaban makarantar firamare